Famfon ruwan Corolla yana ɗiga, in canza shi a gida?

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Corolla ce 2006, inji 1.8. Kullum da safe sai na ƙara ruwa a lagireto, kuma akwai wani gurnani daga ɓangaren fanbel. Na haska da tocila, na ga busasshen ruwa ja-ja a ƙasan famfon ruwa. Asabar ina gida, ina da jak da sifanu. Aikin da zan iya ne, ko in kai gareji?

Oga Bakanike: Wa alaikumus salam. Kafin ka sayi komai, idan inji ya huce ka sauke fanbel, ka kama fulin famfon ka girgiza. In yana wasa ko ka ji ƙaras-ƙaras in ka juya, boris ɗin da fulin ke juyawa a kai ya tafi. Wancan busasshen ruwan daga wata 'yar ɓula yake fita a jikin famfon, an yi ta ne don ta tona asiri idan sil, abin da ke tare ruwa a ciki, ya mutu. Amma ka murza fulin altaneta da na tanshina, mai ɗame fanbel, su ma, gurnaninsu iri ɗaya ne.

Ɗan Zariya: Baban Ilham ka kai wa masu abin kawai. Mota ba keke ba ce.

Oga Bakanike: Ɗan Zariya, ni ne mai abin, kuma na ce zai iya. A wannan injin, 1ZZ, famfon a waje yake, fanbel ne ke juya shi. Noti 6 ne da zoben roba guda. Ba ruwansa da tayimin mai daidaita motsin bawul da fistin, don sarƙa ce a ciki.

Mai 406: To ni fa Oga? Tawa ma ta fara tsiyaya.

Oga Bakanike: Kai kam kawo ta, Alhaji. A 406 tayimin bel ne ke juya famfon, sai an sauke shi. In aka mayar ba daidai ba, fistin zai daki bawul, ka tashi daga sayen famfo ka koma sayen kan inji. Camry 2.2 ta 1997 zuwa 2001 da Sienna mai 3.3 su ma famfonsu a bayan tayimin bel yake. Irin waɗannan in an buɗe, gara a canza bel da famfo da tanshina lokaci guda, kuɗin aiki ɗaya.

Hajiya mai Sienna: Haka aka yi wa tawa. A lokacin na ɗauka wayo ne na a ƙara min kashe kuɗi, sai da aka nuna min bel ɗin duk ya jiƙe ya tsattsage.

Baban Ilham: Madalla. Wane famfo zan saya? Wani ya ce in nemi ɗan Beljiyam, wato na hannu, a kasuwar Ƙofar Ruwa, wai ya fi sababbin yanzu ƙarko.

Malam Direba: A'a Malam. Ɗan Beljiyam a ƙofa ko fitila ko giyabos, babu laifi. Famfon ruwa kuwa sil da boris ne rayuwarsa, kuma ba ka san shekarun da ya yi a kan wata motar ba, ga shi ya bushe a kan kanta. Nemi sabo, Aisin. Su ne ke ƙera wa Toyota da ma, kwalin ne kawai ya bambanta.

Ɗan Zariya: Kwalin Aisin ɗin ma ana bugawa.

Malam Direba: Ana bugawa sosai. Shi ya sa za ka tafi da tsohon a leda, ka jera su a kan teburin mai shago. Duba ramukan noti, duba fikafikan ciki, juya da hannu ka ji ko yana tafiya sumul da ɗan tauri. Na jabu yawanci zubin ƙarfensa kaushi ne. Kuma kada ka bar shagon sai ka ga zoben roba sabo a cikin kwalin.

Oga Bakanike: Ga yadda za ka bi. Inji ya kwana a sanyaye, kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto da zafi. Cire kan batir na negetib. Ɗaga gaban dama, ka tokare da wani abu mai ƙarfi, ba jak kaɗai ba, ka cire taya da robar da ke bayanta. Tsiyaye ruwan a roba ta makunnin ƙasan lagireto. Ɗauki hoton yadda fanbel ya zagaya tun kafin ka taɓa shi, wannan shi ke hana mutane cin abincin rana. Sifana 19 a kan tanshina, ka danna a hankali, bel zai saki. In hannunka bai shiga ba, sauke altaneta, wuri zai buɗe. Notocin famfon sifana 10 ne, kuma ba tsayinsu ɗaya ba, don haka ka huda kwali ka soka kowanne a gurbinsa. Goge mazaunin tas da tsumma, kada ka kankare da sukundireba, alminiyom ne. Wajen ɗaurewa ka bi su a gicciye, kaɗan-kaɗan. Ƙananan noti ne, ƙarfin wuyan hannu ya isa. In ɗaya ya karye a ciki, to ranar za ka neme ni.

Baban Ilham: Gam fa? In shafa?

Oga Bakanike: Kar ka shafa. Zoben ya wadatar. Gam in ya yi yawa gutsurewa yake ya shige lagireto ya toshe.

Hajiya mai Sienna: Don Allah ruwan da ka tsiyaye kar ka bar shi a tsakar gida. Zaƙi gare shi kuma guba ne, yara da awaki da kyanwa duk suna iya sha. Juye a jarka ka rufe.

Ɗan Zariya: Ni dai ruwan rijiya nake zubawa, tamostat ma an cire min tuntuni, lafiya lau nake yawo.

Malam Direba: Buɗe murfinka gobe da safe ka ga kalar ruwan, ka dawo ka ba mu labari. Ruwan rijiya shi ke kawo tsatsa, tsatsar ta ci sil, ta cinye fikafikan famfo. Baban Ilham, sayi kulan, wato ruwan lagireto, mai ruwan hoda na Toyota, a haɗe yake zuwa, ba a ƙara masa ruwa. Lita 7 za ta ishe ka har da ragowa. Kar ka gauraya shi da kore. Tamostat kuma ka bar abinka, in babu shi inji ba ya kai zafin da ya kamata, sai ya riƙa shan mai.

Oga Bakanike: Saura fitar da iska, nan ne masu aikin gida ke faɗuwa. Cika a hankali, bar murfin a buɗe, murɗa hita zuwa ƙarshen zafi, ka tayar. Za ka ga kumfa na tasowa, ruwa na sauka, kana ƙarawa kana matsa tiyon sama. Sai fanka ta tashi, hita ta busa zafi, sannan ka rufe. Washegari da sanyi ka sake dubawa.

Baban Ilham: Allah ya saka da alheri. Zan ƙara da sabon fanbel, tunda ruwa ya taɓa wannan.

Mai 406: Oga, Litinin da ƙarfe nawa kake buɗewa?

Oga Bakanike: Takwas. Ka taho da jarkar ruwa a but, kuma idonka a kan allurar zafin inji.