A taimaka da kalma: kayan da suka cika waya amma ba a ganinsu a titi

Mai shirin mata, Tudun Wada: Salamu alaikum jama'ar gida. Don Allah agaji nake nema, gobe da safe za mu ɗauki shirin mata na rediyo na wannan makon kuma har yanzu ban samu kalmar da zan sa a madadin trend na Turanci ba. Batun shirin shi ne bambancin kayan da muke gani a Instagram da TikTok da abin da mata ke sawa da gaske a garin nan namu na Zariya. Na san akwai yayi, to amma abin da nake son faɗa bai kai yayi ba tukuna, abu ne da ya cika waya kowa ya gani kowa ya tofa albarkacin bakinsa, amma mutum ya tsaya a Kwangila ko bakin kasuwar Sabon Gari ya duba mata nawa suka sa shi. Rigar nan mai koset, wadda ke matse ciki da ƙugu, ta hana mu sakat a waya, a titi kuwa hijabi ne har ƙasa da abaya da riga da zani na atamfa. Masu saurarenmu da yawa iyaye ne a cikin birni da ƙauyukan Giwa da Soba, ba zan buɗe baki in ce musu tiren ba.

Ɗalibar Samaru: Anti ki ce yayin waya kawai mana, kowa zai gane.

Ɗan Gyallesu: Tashe. Ai haka muke cewa mawaƙi kaza yana tashe, ɗan ƙwallo kaza yana tashe. Ɗinki kaza yana tashe a waya, shi ke nan.

Malamin Hausa, Kongo: Yayin waya ba zai yi ba ƙanwata. Na farko, in kika rubuta yayin waya mai karatu zai iya ɗauka kina nufin lokacin da ake buga waya, kamar a ce yayin tafiya ko yayin cin abinci. Na biyu kuma shi ne babba, ba a cewa ana yayin abu sai jama'a sun ɗauka sun sa a jikinsu. Lokacin da aka yi yayin ɗaurin Maryam Babangida wayar hannu ma ba ta yaɗu a ƙasar nan ba, a kan mata aka gan shi, gidan biki da gidan suna da ofis. Wannan ne yayi. Abin da Hajiya ke magana a kai ana ganinsa ne kawai, don haka ni shawarata a ce yayin ganau. Na jima ina amfani da ita a aji.

Ɗalibar Samaru: Allah gafarta malam ai kai ma ka sa yayi a ciki, kuma ganau ai mutum ne wanda ya gani da idonsa, ganau ba jiyau ba. In aka ce yayin ganau kamar ana nufin yayin da aka tabbatar da shi ne, ka ga ya zama akasin abin da Anti ke so.

Malamin Hausa, Kongo: Yayin masu gani ke nan, waɗanda rabonsu a ciki kallo ne. Ma'anar ta fito sarai in aka natsu.

Tela a Sabon Gari: Ni dai ba malami ba ne amma a kan keken ɗinki nake wuni, bari in gaya muku yadda abin yake ko zai taimaka a samu kalman. Mace za ta zo da turmin atamfa, yadi shida, ta miƙo min waya ta ce irin wannan rigan nake so. In duba in ce to. Kafin in ɗauko tef ta fara, wuyan a ɗaga shi sama kaɗan, hannun a kai shi gwiwan hannu, siket ɗin kar ya matse don zan hau Keke Napep, a sa min zif a gaba ina shayarwa, tsagan bayan nan a rufe. Kafin mu gama wallahi abin da ya rage na hoton bai wuce tattaran kafaɗa ba. Kuma ba laifinta ba ne, ita wadda ke cikin hoton tsayuwa kawai ta yi aka ɗauka, wani lokacin ma an kama rigan da fil ta baya ba ka gani, ita kuwa wannan za ta yi girki a ciki ta yi salla ta je gaida surukai. Koset kuma sai an sa masa ƙashi da shafi mai kauri, ku gaya min wa zai iya wuni da shi a zafin watan Afrilu a Zariya. Amare ne ke ɗinka shi na daren dina, a sa sau ɗaya a ninke a akwati. Mu a shago cewa muke yi ɗinkin hoto.

Mai shirin mata, Tudun Wada: Ɗinkin hoto! Malam tela wannan ta shige ni, sai dai ta tsaya a ɗinki, ni kuma har da ɗaurin ɗankwali da jaka da takalmi da kalar leshi nake nufi.

Bakano a Zariya: Kafin a je ko'ina a gyara tukuna. Kalmar ake cewa ba kalman ba, rigar ba rigan ba, gwiwar hannu. Ana neman kalmar da za ta shiga rediyo amma an kasa raba namiji da mace a jimla.

Tela a Sabon Gari: Haka na ji uwata tana faɗa, haka zan faɗa.

Ɗan Gyallesu: Kai malam dakata. Zazzaganci karin harshe ne mai zaman kansa, ba kuskure ba ne. Kuma in rubutun Hausa ake magana a ina aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939? Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945 a Tudun Wadan ina yake? A garin nan Abubakar Imam ya zauna ya yi aikin editan jaridar. Ba za a zo har gida a koya mana rubutu ba.

Bakano a Zariya: Duk na yarda, amma ka ɗauko tsohuwar jaridar ka karanta ka gani ko an rubuta rigan. Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka fi gina ta, wannan ba zagi ba ne. Kuma atamfar da telanku ke yankawa ai daga Kantin Kwari ake saro mafi yawanta.

Ɗan Gyallesu: Ku kuma babbar rigar da manyanku ke taƙama da ita ina ake kawo ta a yi mata aikin hannu? Ka shiga cikin birnin Zazzau ka ga maza a zaure mata a cikin gida kowa da allura da zare, ana ɗinka adon aska takwas da aska biyu, riga ɗaya sai ta ci makonni kai har watanni. Ba ka taɓa ganin ta cika TikTok ba amma ranar hawan Salla ka tsaya ƙofar fada ka ga abin da ke jikin mahaya da hakimai. Wannan ma Hajiya ya kamata ya shiga shirinki, akwai abin da ake sawa ba ya tashe, akwai mai tashe ba a sawa.

Malamin Hausa, Kongo: An bar jaki ana dukan taiki. Ni abin da ke damuna shi ne ragwancin da ya same mu, kowace baƙuwar kalma ta zo sai mu lanƙwasa ta mu ce ta zama Hausa. Yara yanzu tiren, fashon, sitayil. Ko intanet ɗin nan muna da yanar gizo amma an ƙi. Shi ya sa na dage a kan yayin ganau, gininta Hausa ne tsantsa irin na jiyau da ganau.

Ɗalibar Samaru: Malam ba musu nake ba, amma ita kanta waya daga Turanci ta zo, haka tela, haka leshi, haka siket, anko kuma daga Yarbanci muka aro, kuma kakata da ba ta taɓa shiga aji ba duk tana faɗarsu. Ni a ganina kalmar da tsohuwa za ta ji sau ɗaya ta gane ita ce Hausa. Mu a hostel muna kallon kayan nan dare da rana muna turawa juna, gari na wayewa kowa ta zura abaya ko doguwar riga ta yafa gyale ta tafi lacca, ga dokar sutura ta makaranta ga kuɗin ɗinki. Ita wayar ma abin da ya fi sa yatsa ya tsaya shi take ƙara turo maka, riga da zani na kullum ba ya tsayar da kowa shi ya sa ba ka ganinsa a can, ba wai an daina sawa ba ne.

Uwar gida, Kofar Doka: Ku yi haƙuri in sa baki, ni mai sauraro ce. In kika ce tashe a watan azumi tunanina zai tafi wajen yaran da ke zagaya gidaje da dare. Amma in kika ce abu yana tashe a waya zan gane. Yayin ganau kam sai an yi min bayani. Kuma 'yata ki faɗa musu su daina matsa wa mazajensu a kan kayan da ko mai tallarsu ba ta fita da su.

Bakano a Zariya: Tashen waya ya fi sauƙi a baki, duk da dai mu a Kano ba na jin za a ɗauka.

Mai shirin mata, Tudun Wada: Na gode ƙwarai jama'a, dare ya yi kuma sai na miƙa rubutun kafin a shiga ɗauka. Ga yadda zan yi, abin da ya cika Instagram da TikTok zan ce yana tashe a waya, in ina buƙatar suna in ce tashen waya, yayi kuma zan bar shi ga abin da ya sauko jikin mutane kamar yadda Malam ya bambance, wannan bambancin shi ne ma ƙashin bayan shirin. Ɗinkin hoto zan faɗe ta in ce haka teloli ke cewa. Mama saƙonki zai shiga in sha Allah.

Malamin Hausa, Kongo: To Hajiya, shirinki ne. Tashen waya ba ta gamsar da ni ba, tashe ma ai a cikin jama'a ake yinsa, amma ta fi tiren sau dubu. Ni dai a aji yayin ganau zan ci gaba da cewa.

Tela a Sabon Gari: Hajiya in za ki yi maganan teloli don Allah ki ƙara da cewa masu ɗinkin Salla su riƙa kawowa tun kafin azumi, kuma in an canza rabin abin da ke hoton kar a dawo a ce bai yi kama ba.