'Yata ta iya lissafin shago, ta kasa na takarda: ina mafita?

Telar Gusau

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin malamai da iyayen da suka taɓa ganin irin wannan.

'Yata ta biyu tana aji biyu na babbar sakandare, baɗi war haka in Allah ya kai mu za ta zauna WAEC da NECO. Burinta karatun jinya, kuma kowa ya sani in babu kiredit a lissafi babu wannan magana. Abin da ke ɗaure mini kai, yarinyar nan ba daƙiƙiya ba ce. Ni tela ce, a gida nake ɗinki, ita ke riƙe mini littafin bashi. Mace za ta kawo atamfa turmi uku da leshi, ta ba da wani abu, ta ce saura sai ƙarshen wata, kafin in lalubo kalkuleta ta faɗa mini abin da ya rage. A makaranta ma in an jera mata lambobi zalla an ce ta warware, tana yi. Amma da zarar tambaya ta zo da labari, wai wani ya tsaya nesa da bene yana kallon samansa, ko jirgi ya tashi daga wani gari ya nufi wani, ko ana zuba wa tanki ruwa, sai ta yi tsuru-tsuru ta bar wurin fari. Zangon da ya wuce 38 ta ci.

Ba ni da kuɗin ɗauko malami ya riƙa zuwa gida, ni kuma karatuna a ƙaramar sakandare ya tsaya. Wane irin atisaye zan sa ta a gida wanda ni ma zan iya sa ido a kai?

Malam Mai Alli

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi wa yarinya albarka. Lissafi nake koyarwa a babbar sakandare, kuma abin da kika faɗa shi nake gani a fiye da rabin ajina. Ki kwantar da hankalinki, domin mai wuyar tana da shi. Abin da ya rage mata mataki ɗaya ne: yadda za ta ɗauki labari ta mayar da shi zane, ta mayar da zanen lambobi. Wannan matakin ba kasafai muke koyar da shi ba, saboda gaggawar ƙare manhaja. Muna rubuta ƙa'ida a allo, mu yi misali biyu, mu wuce.

Ki fara da ɗakin ɗinkinki, tunda can take da ƙarfin gwiwa. In za ki yanka siket mai buɗaɗɗen ƙasa, wanda ku teloli kuke cewa fileya, ai kina raba awon ƙugu gida shida da 'yan kai, ki auna daga lungun da kika ninke yadin, ki zagaya da alli. Wannan shida da 'yan kai shi ne 6.28, wato 22/7 sau biyu, abin da take haddacewa a babin da'ira ba tare da ta san kullum a gabanta ake yin sa ba. Ki ba ta ƙugu mai inci 33 ki ce ta nemo inda za a sa alli. Za ta samu inci 5 da kwata. Sai ta yanka a tsohuwar jarida, ta zagaya tef a bakin ramin, ta ga 33 ɗin da idonta. Yaron da ya yi haka sau ɗaya ba ya sake rikita kewayen da'ira da faɗin filinta.

Sai riba da faɗuwa. Kin sayi leshi naira 18,000 kin sayar 21,600. Ribar 3,600 ce, wannan ba zai ba ta wuya ba. Kashi nawa ne cikin ɗari? Yawancin yara da kuɗin sayarwa suke rabawa, alhali da kuɗin saye ake yi, amsar kashi 20. Daga nan ki ɗana mata tarko: in mai saye ya roƙi ragin kashi 20 daga 21,600, kin koma uwar kuɗinki? Za ta ce eh. Ta lissafa ta gani: 17,280 ne, kin faɗi da 720. Irin wannan tambayar tana fitowa a jarrabawa da kaya iri-iri.

Tambayoyin bene da bishiya kuwa, rana ce malamarsu. Da hantsi ta kafa sanda mai tsawon mita ɗaya, ta auna inuwarta, nan take ta auna inuwar darbejiyar ƙofar gida ko turken lantarki. In inuwar sanda santimita 80 ce, ta bishiya mita 9.6, to bishiyar mita 12 ce. Amma kada ta taɓa lamba sai ta zana abin a takarda: ga bishiya a tsaye, ga inuwa a kwance, ga layin da ya haɗa su. Wannan zanen mai kusurwa uku shi ne dai wanda ake so a tambayar mutumin da ke kallon saman bene.

Akwai babi biyu da yara suka fi tsoro, kuma ni a ganina su suka fi kusa da rayuwarmu. Na farko na nuna shiyya da digiri. Muna cewa mun fuskanci gabas in za mu yi salla, amma gabas sak digiri 90 ne daga arewa, alƙibla kuwa a Kano wajen digiri 68 take, wato gabas ce mai karkata arewa. Ta ɗauki wayar da ke da kamfas, ta zana arewa, ta zana gabas, ta zana alƙiblar garinku a tsakani, ta rubuta kusurwar da lamba uku yadda ake so a jarrabawa, kamar 068. Na biyu shi ne na layukan da aka zana wa duniya. Kowa ya san da azumi mutanen Maiduguri suna riga na Sakkwato shan ruwa da kusan rabin awa. Dalili: duniya tana juya digiri 15 a awa ɗaya, minti huɗu ke nan kowane digiri. Maiduguri tana wajen digiri 13 gabas, Sakkwato wajen digiri 5, tazara takwas, takwas sau huɗu 32. Na sha ganin aji ya yi tsit in na kawo wannan, sai hannaye su fara tashi.

In tana Islamiyya, rabon gado ma atisaye ne mai kyau na kason lamba. Mutum ya rasu ya bar naira miliyan huɗu bayan an biya bashi da wasiyya, magadansa matarsa ɗaya, 'ya'ya maza biyu, 'ya mace ɗaya, iyayensa sun riga shi. Matar tana da tumuni, 500,000. Sauran 3,500,000 a raba gida biyar, kowane namiji kaso biyu, mace kaso ɗaya: 1,400,000, da 1,400,000, da 700,000. Ta tara ta ga ko ya koma miliyan huɗu.

Aikinki a ciki, Hajiya, ba ya bukatar boko. Tambaya biyu kawai za ki riƙa yi mata. Kafin ta fara: ina zanenki? In ta gama: wannan amsar hankali zai ɗauka? Na taɓa duba takardar da ɗalibi ya rubuta tsawon bishiya mita 1,200 ya ja layi biyu a ƙasa. Ke da ba ki ga allon ba za ki kama wannan.

Magini Daga Kurna

Malam ya yi magana. Hajiya, ga nawa daga wurin aiki, in za ta yi amfani da shi.

Fuloti ƙafa 50 ne da ƙafa 100, zagayensa ƙafa 300. Bulo ɗaya tsawonsa inci 18, ƙafa ɗaya da rabi, saboda haka layi ɗaya na katanga yana cin bulo 200. In za a yi layi tara, 1,800 ke nan, sai a cire wurin ƙofa. Haka mu muke yi. 'Yan boko kuma su mayar da shi mita, zagaye wajen mita 91, tsayi mita 2, su ce kowane murabba'in mita yana cin bulo goma, su samu 1,820. Ta yi ta hanya biyun, ta gaya miki me ya sa ba su zo daidai cif ba.

Tanki kuma ga shi. Mai zagaye, faɗin bakinsa mita 1.4, tsayinsa mita 2. Ya kamata ta samu lita 3,080. Sai ki tambaye ta jarka nawa mai lita 25 mai ruwa zai kawo ya cika shi. Kalkuleta za ta ce 123.2, amma ba a sayen ɓarin jarka, 124 za ki biya. Na sha ɗaukar yara masu takardar sakandare aiki, a nan suke tsayawa. Kuma ta kula, rabin faɗin baki ake sawa a lissafin, 0.7. Wanda ya sa 1.4 zai ninka ruwan sau huɗu.

Ɗalibar Jinya

Umma, barka da ƙoƙari. Ni shekara biyu ke nan da na wuce wannan jarrabawar, kuma hanyar da ƙanwata take so nake kai. Da izinin Malam, akwai abin da zan ƙara, don ina tsoron kada a tsaya a awon inuwa da yankan jarida.

Jarrabawar da Turanci take zuwa, kuma da agogo. A WAEC takarda ta farko tambaya 50 ce ta zaɓi cikin awa ɗaya da rabi, ko minti biyu ba ka da shi a kowace. Ta biyu awa biyu da rabi ce, tambaya 13, biyar na farko dole, sai ka zaɓi biyar cikin takwas da suka rage. Goma ke nan, kusan minti 15 kowace. Wanda ya gane abu a tsakar gida amma bai saba ganinsa cikin Turancin masu jarrabawa ba, zai iya zama yana kallon tambayar da ya san amsarta. Ni abin da ya cece ni littafin tambayoyin shekarun baya ne. Ki saya mata ko tsoho ne, a wurin masu sayar da littattafai na gefen hanya ana samu da sauƙi. Ta rufe shafin amsa, ta karanta tambaya, ta ba ki labarinta da Hausa kamar tana ba ki labarin unguwa. In ta kasa, to Turancin ne matsalar, sai ta ja layi a ƙarƙashin kalmar da ta tare ta, ta kai wa malaminsu. Kalmomin ba su da yawa, su ne dai ke ta dawowa kowace shekara.

Abu na biyu, tunda kin ce da ka take lissafi, ki lura da wannan sosai. A takarda ta biyu ana ba da maki a kan hanya, ba a kan amsa kaɗai ba. Wanda ya rubuta matakansa daidai ya yi kuskure a ƙarshe zai kwashi maki, wanda ya dire amsa ita kaɗai zai iya rasa yawancinsu ko da daidai ce. In ta manta rubuta mita ko lita ko naira ma, za ta iya rasa maki. Masu saurin kai irin ƙanwata su wannan ya fi cutarwa.

Kuma ki gaya mata lissafin nan ba ya ƙarewa a ƙofar sakandare. Mu yanzu da shi muke auna magani gwargwadon nauyin yaro, da shi muke ƙirga ɗigon ƙarin ruwa a minti. Rabo ne da ninki, irin na littafin bashinki.

Telar Gusau

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, na fileya mun yi jiya da daddare, ta yanka jarida ta auna, ta daɗe tana juya tef ɗin. Tambaya ɗaya ta rage mini. Akwai babin da ake lissafa kuɗin ruwa na banki, babanta ba ya son ya ji tana yin sa a gida. Ta tsallake shi? Kuma awa nawa ya kamata ta riƙa zama kullum?

Malam Mai Alli

Kada ta tsallake, Hajiya, yana fitowa, kuma makinsa na da sauƙin samu. Ki faɗa wa Alhaji sanin yadda bashi mai ruwa yake hauhawa kariya ce ga mai gudunsa. In duk da haka ransa bai kwanta ba, ƙa'idar ɗaya ce da ta faɗuwar darajar kaya, sai ta koya ta nan. Keken ɗinki na naira 120,000 da ke rage daraja kashi 10 duk shekara: bayan shekara ɗaya 108,000, bayan biyu 97,200, domin kashi goman shekara ta biyu daga 108,000 ake cire shi. In ta gane wannan, na banki juya shi kawai za ta yi, a maimakon ragi ta yi ƙari.

Maganar 'yata mai karatun jinya gaskiya ce, na karɓa. A haɗa biyun: duk abin da ta auna da hannunta yau, gobe ta nemo tambayoyi uku na wannan babin a littafin shekarun baya ta yi su da Turanci, mataki-mataki. Minti 40 kullum bayan la'asar ya fi awa huɗu ranar Asabar. Agogo kuma kada a sa mata shi yanzu, sai ta shiga aji uku. WAEC tana sa rahoton manyan masu duba takardu a shafinta na intanet, shekara-shekara, inda suke bayyana wuraren da ɗalibai suka yi tuntuɓe a kowace tambaya. In akwai mai babbar waya a gidan, ya buɗe mata na lissafi ta fara da babin nuna shiyya.