Sheƙar kurciya da gidan laka a lambuna: in taɓa ko in bari?

Mai Ƙaramin Lambu:
Assalamu alaikum. Shekaranjiya na ɗauko almakashi domin in rage rassan bishiyar da ta sunkuyo kan katangar lambuna, sai wata kurciya ta tashi fir daga cikin ganye, har gabana ya faɗi. Da na leƙa, sai na tarar da 'yan tsinkaye a ɗore a tsakanin rassa biyu, da ƙwai biyu farare a kai, kuma sheƙar ba ta da kauri ko kaɗan, domin daga ƙasa ma ana hango ƙwan. Nan take na ajiye aikin. Kwana nawa ya kamata in jira kafin in koma kansa, kuma ko firgitar da ita da na yi zai sa ta ƙaurace wa ƙwan? Sannan a jikin katangar akwai wani gidan laka mai ɗakuna a jere kamar yatsu, wanda uwargida ta dage sai na rushe shi saboda yara.

Tsohon Malamin Gona:
Wa alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka, domin firgita ɗaya ba ta cika raba kurciya da ƙwanta ba. Abin da ke korar ta shi ne yawan zirga-zirga a gindin bishiyar. Kada kuma rashin kyan sheƙar ya dame ka, haka kurciya take gininta ko'ina, kuma ƙwai biyu ne al'adarta. Kwancin yakan ɗauki kimanin kwana 14, namiji da mace suna karɓa-karɓa, shi ya fi zama da rana, ita kuma ta kwana a kai. Bayan ƙyanƙyasa, iyayen biyu suna ciyar da 'ya'yan da wani ruwa mai kauri kamar madara da ke fitowa daga maƙoƙonsu, kuma cikin mako biyu ko fiye kaɗan 'ya'yan za su bar sheƙa. Saboda haka ka ba su wata guda cur. Kafin ka koma da almakashi ka sake dubawa, domin kurciya takan sake zuba ƙwai a wuri ɗaya idan ta ji daɗinsa.

Uwar Biyu:
Ni kan gidan lakan zan yi magana, kuma ina roƙon uwargida ta yi haƙuri, domin bisa bayaninka wannan gidan zanzaro ne, ba na rina ba. Rina tana tauna busasshen itace ta kwaɓa da yawunta, ta gina gida mai kama da takarda, a rataye, ramukansa suna kallon ƙasa. Su taro ne, suna tsaron gidansu, kuma harbinsu ba wasa ba ne. Idan irin wannan ne a kan hanyar yara, ni ma zan ce a cire. Zanzaro kuwa mace ɗaya ce ke aikinta, ba ta da rundunar da za ta yi faɗa, kuma da wuya ta harbi mutum sai an matse ta.

Bara wani ɗaki daga irin wannan gidan ya fashe mini lokacin shara, na tsuguna na ga ƙananan gizo-gizo cushe a ciki, ƙafafunsu na ɗan motsi, ga wata farar tsutsa manne da ɗaya daga cikinsu. Ashe harbinsu take yi su sandare ba tare da sun mutu ba, ta sa ƙwai ɗaya ta liƙe ɗakin da laka, ɗanta ya ƙyanƙyashe ya tarar da abincinsa bai ruɓe ba. Idan ka ga an huda 'yan ƙofofi a jikin ɗakunan, to 'ya'yan sun fita, kana iya kankare shi ba ka cuci kowa ba.

Ɗan Kallon Tsuntsaye:
Ina tare da Baba a kan jiran, amma zan ƙara da cewa leƙen ma a rage shi. Hankaka da kyanwa suna lura da inda mutum yake yawan tsayawa yana ɗaga ganye, kuma na taɓa rasa sheƙa guda ta wannan hanyar, laifin kuwa nawa ne. Ya fi kyau ka sami kujera nesa kaɗan da sassafe, ka kalli bakin tsuntsaye. Wanda ya wuce da ciyawa ko tsinke gini yake yi, wanda kuma ke komawa wuri ɗaya da tsutsa a baki, to 'ya'yansa sun ƙyanƙyashe. Idan ka tsinci ɗan tsuntsu a ƙasa da gashinsa cikakke yana tsalle-tsalle, ka bar shi, iyayensa na kusa. Wanda ba shi da gashi ne ake mayarwa sheƙa, kuma maganar cewa uwa za ta ƙi shi don ta ji warin hannu ba ta da tushe.

Mai Ƙaramin Lambu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Da safen nan na hango ta daga taga tana kwance a kan ƙwan, wutsiyarta kawai ta leƙo. Na kuma ƙirga ɗakunan gidan lakan, shida ne, huɗu a hude, biyu a liƙe, kuma uwargida ta amince a jira waɗannan biyun.