Neman kalma: me za mu kira "lawn" kafin gobe da safe?

Mai Fassara: Assalamu alaikum jama'a. Gobe da ƙarfe tara za mu ɗauki shirin rediyo, kuma aiki ya tsaya mini. Wani ɗan'uwa mazaunin Texas ta Amurka ne ya aiko da tambaya: ciyawa iri biyu sun haɗu a gaban gidansa, Bamuda da Sant Ogastin, ɗaya tana neman cinye ɗaya. Na samo bayanin masana aikin gona na can zan juya shi Hausa. Kalmomin da suka cije su ne "lawn" (ciyawar da ake dasawa a gaban gida don ƙawa), da "warm-season grass", sai "stolon" da "rhizome". Babbar damuwata, ciyawa a kunnen manomi abin nomewa ce. A can kuwa dasa ta ake yi, a ba ta ruwa da taki, sannan a juyo a ce wata ciyawar ce ta shigo ta ɓata ta. Ku agaza.

Ɗan Zazzau: Wa alaikumus salam. Filin ciyawa. An gama.

Malama Mai Koyar da Kimiyya: Filin ciyawa zai kai mai sauraro makiyaya, ko filin ƙwallo. Kalmomi biyun ƙarshe dai ba su da wuya. Yaɗo muke da shi. "Stolon" yaɗon sama, wanda ke bin doron ƙasa yana kafa saiwa a kowace gaɓa. "Rhizome" yaɗon ƙarƙashi, irin na tofa. Kada a ce masa saiwa, kara ne, yana da gaɓoɓi da idanu, shi ya sa ko guntunsa ya rage a ƙasa sai ya tsiro.

Hajiya daga Houston: Malama ta faɗi daidai, kuma rigimar duk a nan take. Sant Ogastin yaɗon sama kawai gare ta, ganyenta faffaɗa ne, karan nata da kauri. In ka kama bakin yaɗon ka ja, sai ya taso gaba ɗaya. Bamuda kuwa tana da duka biyun. Ka ja na saman ya tsinke a hannunka, ka tona kaɗan sai ka ga wani fari, mai tauri, ya bi ta ƙarƙashin simintin hanyar mota ya ɓullo ta ɗaya gefen. A gidanmu kowace ta san wurinta: ƙarƙashin babbar bishiya Sant Ogastin ce, don tana jure inuwa, bakin titi inda rana ke dukan siminti kuma Bamuda ta kama. Tsakiyar ce fagen fama. Ɗan'uwan nan ya fara zaɓar wadda yake so tukuna. In Sant Ogastin ce, ya ɗaga injin yanka zuwa inci 3 ko 4, ta yi tsawo ta rufe wa Bamuda rana, ya kuma rage takin zamani, don Bamuda ta fi kowa cin taki. In Bamuda ce, ya sauke injin zuwa inci 1 ko 2 ya riƙa yanka a kai a kai, ɗayar ba za ta jure ba.

Baba Mai Lambu: Hajiya, wannan Bamudar taku ai ƙiri-ƙiri ce, wasu su ce tsarkiyar zomo. Ga ta nan a bakin fadama, dawaki na sonta. Masu lambu a nan ba sa ƙaunar ganinta cikin fangali saboda wannan yaɗon ƙarƙashin. Kada a ce mana Bamuda a rediyo alhali muna da sunanta.

Mai Fassara: Na gode Baba, na ɗauka. Yaɗon sama da yaɗon ƙarƙashi ma na ɗauka. Saura "lawn".

Malamin Nahawu: Ku dakata. Kullum aka zo neman kalma sai a kawo mana jimla. Filin ciyawa, ciyawar gaban gida, waɗannan bayani ne, ba suna ba. Harshen nan yana da injinsa na ƙirar kalma. Daga gajere muka sami gajarta, daga tsoro muka sami tsorata. To daga ciyawa, ciyawta. A sa ɗafa-goshin "ma" na wuri, kamar karanta da makaranta: MACIYAWTA. Jam'i maciyawtu. Kalma ɗaya, ta bi ƙa'ida, ba aro a cikinta.

Malama Mai Koyar da Kimiyya: Allah gafarta Malam, ƙa'idar ta fita, amma kunne fa? Wanda ya ji maciyawta a rediyo zai ji "maciya", ya ɗauka wurin kiwo ne. Wannan wurin kuwa ko akuya ba ta taka shi.

Malamin Nahawu: Kunne sabo ne. Jirgin sama da na'ura mai ƙwaƙwalwa ma ranar farko baƙi ne a kunne.

Ɗan Zazzau: Malam, duka biyun ai kalmomi ne aka haɗa, irin abin da ka hana mu yanzu. Kuma yau mutum nawa ke cewa na'ura mai ƙwaƙwalwa? Kwamfuta ake cewa. Masu sayar da furanni a bakin titi a Kaduna da Abuja ciyawar kafet suke cewa, mai saye ya gane.

Malamin Nahawu: Wannan shi ne ciwon. Kafet, alhali muna da darduma da kilishi. Haka aka yi ta sakaci har yaranmu ba sa iya ƙirga ashirin ba tare da Turanci ba.

Ɗan Maraɗi: Ni dai tun ɗazu nake kallo. A wajenmu haki muke cewa, abin da kuke nema kuma gazon ake kiransa, daga Faransanci. Shirin nan har Maraɗi da Tawa da Damagaram ana jin sa. Me ya sa kullum kalmar Kano ce ma'auni? In ƙira za a yi, a ƙera daga haki mana.

Malamin Nahawu: Ɗan'uwa, ba wanda ya raina haki, Sakkwatawa ma haki suke cewa. Amma Daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano aka gina ta, ba ni na tsara ba. Gazon kuwa, ba za mu gudu daga aron Ingilishi mu faɗa aron Faransanci ba.

Ɗan Maraɗi: To ashirin ɗin da Malam ya ambata, daga ina ta zo? Ba Larabci ba ce? Wani aron ya zama ɗan gida, wani kuma a ce bare ne. Wa ke rabon?

Wata 'Yar'uwa daga Kumasi: Mu a zango ba a ma tambayarmu. Amma don Allah a tuna da mai aikin gobe.

Mai Fassara: Allah Ya saka, yaya. Dare na yi, kuma "warm-season" na nan ba a taɓa ba. Bayanin ya ce irin waɗannan ciyayi, har da Zoyisiya da ta fito daga gabashin Asiya da Bahiya ta Kudancin Amurka, sun fi girma a zafin digiri 27 zuwa 35, sanyi ya sauko ƙasa da kamar digiri 10 sai su daina girma su yi ruwan ƙasa, ba don sun mutu ba. Na so in ce ciyawar bazara.

Baba Mai Lambu: A'a, ɗana. Bazara a wajenmu ko tsinke ba ka gani kore sai a fadama. In ka ce ciyawar damina kuma ka kawo ruwa a maganar da ta shafi zafi. Mu ruwa ke raba mana shekara, su sanyi ke raba musu. Ka ce ciyawa mai son zafi.

Malamin Nahawu: Wata jimlar kuma.

Malama Mai Koyar da Kimiyya: Jimlar da aka gane, Malam. Mai Fassara, ka kula da wajen maganin feshi, don manomanmu sun san sunayen. Gilaifoset ba ya zaɓe, duk koren da ya taɓa zai ƙone, kuma ƙiri-ƙiri sai an maimaita mata saboda yaɗon ƙarƙashi. Atrazin, wanda ake fesa wa masara, Sant Ogastin tana jure shi, amma shi kaɗai ba ya kashe ƙiri-ƙirin da ta riga ta kafu. Kada fassarar ta sa wani ya ɗauka akwai maganin da zai tsame ɗaya tas ya bar ɗaya.

Hajiya daga Houston: Kuma wurin da aka ƙone ba a watsa masa iri. Sant Ogastin ba a sayar da irinta, yanko ta ake yi falle-falle da ƙasarta a zo a shimfiɗa, a yi ta ban ruwa har ta kama. Ni shimfiɗar ciyawa nake ce wa yarana.

Ɗan Zazzau: Shimfiɗar ciyawa ta fi tawa. Na janye.

Ɗan Maraɗi: Shimfiɗar haki. Amma Baba ya burge ni da ƙiri-ƙiri. Ko ciyawar Tifway da aka fitar a Tifton ta jihar Jojiya a Amurka a 1960, wadda ta cika filayen wasa, auren ƙiri-ƙiri ce da wata 'yar'uwarta ta Afirka ta Kudu. A faɗa wa masu sauraro wannan.

Mai Fassara: Ga abin da zan karanta. Farkon ambato, shimfiɗar ciyawa ta ƙawata gida, in ƙara da "ko haki", daga nan shimfiɗa kawai. Ƙiri-ƙiri, wadda Amurkawa ke kira Bamuda. Sant Ogastin zan bar ta da sunanta tunda ba wanda ya kawo na Hausa. Wadda ba a so a wurin zan kira ta mai kutse. Ciyawa mai son zafi, na ɗauka don ba ni da wata.

Malamin Nahawu: Shimfiɗa kaɗai za ta kai mutum ga gado da tabarma, ka riƙa cika ta. Ban yarda an warware ba, an dai tsallake. Yaɗon sama da yaɗon ƙarƙashi kam Hausa ce tsantsa, ba ni da ja. Maciyawta zan sa ta a darasin ɗalibaina na mako mai zuwa, mu ji yadda za su karɓe ta.

Wata 'Yar'uwa daga Kumasi: Injin yankan fa, yanka za a ce ko aski?

Mai Fassara: Yanka na rubuta, yaya. Masu son aski su kawo hujja bayan an ɗauki shirin.