Musayar Waƙa Kan Shaidar Kawar da Kurkunu

Baba Garba, Gusau:

Ni na gan shi a ƙafar yayana,
Damina ta sauka, ya bar gona,
Ana naɗe tsutsa a tsinke kwana da kwana,
Wa ya ce muku an gama da kurkunu?

Masu shaida na Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, a Janeba ba su sha tafki ba,
Ba su ga ƙafa ta kumbura ta fashe ba,
Ni ban yarda da abin da ban gani ba,
Ku faɗa min yadda aka ƙirga kurkunu.

Hajiya Rabi, Maraɗi:

Sannu Baba, shekara uku ake jira,
Don tsutsar takan yi kusan shekara
A jikin mutum kafin ƙuna ta fara,
In guda ya ɓullo, a sake lissafin kurkunu.

A 2008 muka ga na ƙarshe,
Nijar da Najeriya, duka ƙasashe,
Sai 2013 WHO ta ce an kashe,
Shekara biyar ana farautar kurkunu.

Malam Isa, Kano:

Hajiya, haka ne, ni ma'aikacin lafiya,
A 1988 da aka yi ƙidaya,
Sama da mutum 650,000 a Najeriya
Suka kwanta ba noma saboda kurkunu.

Babu allura, Baba, babu ƙwaya,
Sai ƙyallen tace ruwa da haƙa rijiya,
Abate, maganin ƙwarin ruwa, a tafki, ga Gowon yana tafiya
Ƙauye-ƙauye yana jan kunne kan kurkunu.

Baƙin da suka zo tantancewa
Hoton tsutsar suke nunawa,
A kasuwa su tare mace suna cewa:
Kin san da tukuicin mai kawo labarin kurkunu?

Baba Garba, Gusau:

Ɗana Isa, Allah ya yi maka albarka,
Hujjarka ta cire mini shakka,
Jikokina ba su san shi ba sai a baka,
To duniya duka ta rabu da kurkunu?

Amina, Injamena:

A'a Baba, mu nan Chadi da saura,
Tun 2012 aka ga karnuka sun fara,
Su ci hanjin kifin da aka zubar a shara,
Su shiga ruwa su sake shuka kurkunu.

Yanzu a ƙauyen masunta ana ɗaure kare,
Hanjin kifi a binne shi kafin dare,
Mai ƙurji a ƙafa in ya nufi tafki a tare,
Da haka muke ta fama da kurkunu.

Miliyan 3.5 a 1986 aka ƙiyasta,
Mutum 15 a 2024, duniya ɗaukacinta,
Carter, tsohon shugaban Amurka mai yaƙar cutar, ya rasu yana jiran ƙarshenta,
Ƙasa shida ke jiran shaidar kurkunu:
Mu da Mali, Habasha, Angola da Sudan biyu.

Hajiya Rabi, Maraɗi:

Ƙanwata Amina, iyakarmu ɗaya,
Masunta na tsallakowa, haka makiyaya,
Takardar shaida ba ta hana shi tafiya,
Duk ƙurjin da ba ku gane ba, ku kai a duba ko kurkunu.