Wane suna za mu ba "arborist"?

Jama'a, ku taya ni neman kalma. Turawa na cewa "arborist", daga arbor na Latin, wato bishiya. Shi ake kira idan guguwa ta karya rassa ko tsawa ta tsaga bishiya, ya duba ya ce a bar ta ko a sare.

"Mai saran itace" na fara jefarwa. Wancan gatari ya sani, shi kuwa wannan sau da yawa hana saran ne aikinsa. "Malamin daji" ma bai zauna ba, don shi daji sukutum yake kula da shi, ba bishiya ɗaya-ɗaya ba.

Wani ya ce "likitan bishiya". Akwai daɗin faɗi, amma ina da ja. Bishiya ba ta warkewa irin tamu. Alex Shigo, wani masani Ba'amurke, ya nuna cewa killace ruɓa take yi, ta ɗora sabon itace a kewaye, raunin yana nan a ciki. Shi ya sa masu sana'ar suka daina shafa wa wurin yanka fenti.

Ku dubi yadda "arborist" ɗin yake aiki. Zai ƙwanƙwasa jikin bishiya da guduma, in ta yi amo kamar ganga, to akwai kogo. Kogo kaɗai ba ya sa a sare, muddin bangon da ya rage yana da kauri. Abin da ke ɗaga masa hankali yana ƙasa: laimar kwaɗi a gindi, alamar saiwa na ruɓewa, ko bishiyar ta karkata kwanan nan har ƙasa ta ɗago a bayanta. Sai babbar tambaya: in ta faɗi, kan me za ta faɗa? Wadda ke tsakar fili ana iya rage mata rassa a ƙyale ta. Wadda ta sunkuyo kan ɗakin kwana, wannan wata magana ce.

Ai wannan sauraron shaida ne da yanke hukunci. Raina ya so "alƙalin bishiya", sai dai alƙali ba ya hawa sama da igiya da zarto.

To, na sallama, "likitan bishiya" zan riƙa rubutawa, tunda likita ma yakan ce a yanke ƙafa. Dubawar da yake yi kafin hukunci kuwa, "awon bishiya". Mai wadda ta fi wannan ya kawo.