Agogon zamani mai jure wahala: waɗanda suka canza, me kuka gani?

Mai Duba Gini, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara uku ke nan ina ɗaura agogon zamani na gama-gari mai jikin almuniyan. Makon jiya a wurin aiki hannuna ya bugi rodi, gilashin ya tsage tun daga kusurwa. Dama batirin ya gaji, in na cire shi daga caji da asuba, kafin isha'i ya mutu. Raina ya kwanta da Apple Watch Ultra, sai dai dala 799 aka sa masa tun fitowarsa a 2022, in ka juya ta zuwa naira ta haura miliyan. Kuɗin makarantar yara kuma na tafe. Don Allah wanda ya taɓa canzawa zuwa irin masu ƙarfin nan ya gaya mana abin da ya gani da idonsa. iPhone nake riƙewa.

Ɗan Safiyo, Sakkwato

Wa alaikumus salam, Malam. Ni aikina awon filaye ne, wani lokaci sai in yi kwana biyar a ƙauyen da ko turken wuta babu. Abin da ya kore ni daga tsohon agogona caji ne, gilashinsa lafiya lau yake har yau. Na koma Garmin Instinct 2 Solar. Kamfanin ya ce yana kai kwana 28 ba caji, in kuma yana samun rana mai ƙarfi ta awa uku kullum, zai iya tafiya haka nan muddin ba ka kunna GPS ba. Rana kuwa ai ba a gaya wa Basakkwace. Ni da nake kunna GPS sosai nakan yi mako biyu kafin in nemi wayar cajin.

Amma ka san abin da za ka rasa. Fuskarsa baƙi da fari ce, ba a shafa ta da yatsa, maɓallai biyar ne a gefe. Ba za ka amsa kira ka yi magana ta cikinsa ba. Ni maɓallan ne ma suka saye ni, don ko hannu ya jiƙe da gumi ko ya yi buɗu-buɗu da ƙura, in ka danna ya dannu.

Baban Biyu, Kaduna

Ni na sayi Ultra 2 ɗin, kuma ban yi nadama ba. Jikinsa titaniyam ne, gilashin safaya ne mai wuyar karcewa, shimfiɗaɗɗe, ƙarfen ya ɗan ɗago ya kewaye bakinsa, to in ka bugi abu ƙarfen ne yake fara karɓa. Daidai wurin da naka ya tsage ke nan. Na goge shi da bango da ƙofar mota ba sau ɗaya ba, titaniyam ɗin ya yi 'yan zane-zane, gilashin ko alama. Haskensa kuma da tsakar rana kana karanta saƙo ba sai ka kare shi da tafin hannu ba.

Batun batir dai kada ka sa rai da yawa. Awa 36 aka rubuta masa, ninki biyu na awa 18 da aka daɗe ana rubuta wa Apple Watch na gama-gari. Kwana ɗaya da rabi ke nan. In unguwarku tana kwana biyu ba wuta, sai ka haɗa da fawa banki.

Maman Jinya, Zariya

Yaya Mai Duba Gini, ka gwada Ultra ɗin a hannunka kafin ka biya. Ni na je da niyyar saye, da na ɗaura sai na fasa. Milimita 49 ne, nauyinsa ya kai giram 60, ya cike mini wuyan hannu, hannun riga ma ba ya wucewa. Ga shi a wurin aiki ina wanke hannu ba adadi, ga alwala sau biyar, dole in riƙa cirewa ina mayarwa.

Abin da ya sa na so shi tun farko aikin Hajji ne, saboda tsoron ɓata a Mina, tantuna duk iri ɗaya. Ashe manhajar da ke nuna maka hanyar da ka biyo ka koma ta kanta tana cikin kamfas ɗin Apple Watch na gama-gari ma, daga samfurin Series 6 zuwa sama, har da samfurin SE. Da nawa na tafi, na sa masa murfin roba da sabon maɗauri, na dawo da shi lafiya.

Mai Gyaran Waya

Yallaɓai, bari in faɗa maka abin da ake kawo mini kan tebur. Mutane suna ruɗuwa da cewa agogo yana jure ruwa mai zurfin mita 100. Mu nawa ne muke nutso? Abin da ke cin agogo a nan zafi ne da ƙurar hunturu da sabulu. Apple da kansa ya ce na gama-gari ya fi aiki daidai tsakanin digiri 0 zuwa 35, Ultra kuwa an yi shi ya jure har 55. Wanda ya san watan Afrilu a Maiduguri, inda ake haura 40, ya san wannan bambancin ba ƙarami ba ne. Zafi shi ke tsufar da batir da wuri, musamman in ana caji a cikin mota rana na dukansa.

In na hannu za ka saya, abu uku. Ka shiga saiti ka duba lafiyar batirin, in ya kusa kashi 80 ka bar shi. Ka tabbatar mai shi na farko ya cire asusunsa, in ba haka ba ka sayi abin ado. Sannan ka tambaya ko an taɓa buɗe shi, don da zarar an ɗaga gilashi, kariyar ruwa ba ta komawa yadda take. Jabu kuma sun cika kasuwa, har kwalin iri ɗaya. Apple Watch na gaskiya da manhajar Watch da ke cikin iPhone yake haɗuwa, duk wanda aka ce sai ka sauke masa wata manhaja daban, ajiye musu kayansu. Wani ya kawo mini irinsa da murna, ya ce araha ya samu, wallahi sai da na ji nauyin gaya masa.

Galaxy Watch Ultra na Samsung kuma cire shi daga lissafi, ba ya aiki da iPhone. Garmin da Amazfit suna yi da kowace waya.

Mai Duba Gini, Kano

Allah ya saka muku da alheri. Da na zauna na duba, kira da saƙo a waya nake amsawa, agogon lokacin salla da ƙirga taku da bugun zuciya kawai nake nema a wurinsa. Wutar unguwarmu kuma ba abin dogaro ba ce. Ranar Asabar zan shiga kasuwa in ɗaura Instinct ɗin da Amazfit T-Rex in ji wanda ya zauna mini a hannu. Ɗan Safiyo, maɗaurin robar nan ba ya sa maka ƙaiƙayi in gumi ya taru a ƙarƙashinsa lokacin bazara?